Ciwo a Kan Takarda: Sharhi a Kan Bayanin Kai na Masu Neman Shiga Makarantar Likita a Amurka

1.0 Gabatarwa

Akwai wani nau'in rubutun zube da ba a cika samunsa a littattafan nazarin adabi ba, alhali kuwa dubban mutane ne suke rubuta shi kowace shekara, kuma makomarsu takan rataya a kansa. Wannan shi ne rubutun da mai neman shiga makarantar koyon aikin likita a Amurka yake yi don ya gabatar da kansa ga kwamitin zaɓen ɗalibai. A nan za mu kira shi bayanin kai. Manufar wannan maƙala ita ce ta dube shi da idon manazarcin adabi, musamman inda marubucin ya taɓo sirrinsa, kamar taɓin hankali, ko mutuwar mahaifi, ko shaye-shaye a cikin gida, ko cin zarafi. Abin tambaya shi ne, me zubin wannan rubutu yake yi wa irin wannan labari, kuma ina hasararsa take faɗawa?

2.0 Asali da Yanayin Rubutun

A Amurka sai mutum ya kammala digiri na farko kafin ya shiga karatun likita. Mafi yawan makarantu suna karɓar takardun nema ta hanyar tsarin AMCAS, wanda ya ba mai nema filin haruffa 5,300, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato kimanin shafi ɗaya da rabi. Akwai kuma wani fili na haruffa 1,325 domin bayyana wahalhalun da mutum ya sha. A Birtaniya tsarin UCAS ya ba da haruffa 4,000, waɗanda aka raba su zuwa amsar tambayoyi uku a 2025. A Nijeriya kuwa, hukumar JAMB da aka kafa a 1978 da maki take aiki, saboda haka ɗalibanmu ba su cika haɗuwa da wannan rubutu ba sai in sun nemi karatu a waje.

Tushen al'adar ba mai tsabta ba ne. Karabel (2005) ya nuna cewa a shekarun 1920 jami'o'in Harvard da Yale da Princeton suka soma auna “hali” tare da maki, kuma babban dalilinsu shi ne rage yawan ɗalibai Yahudawa. Wato tun farko an nemi ɗalibi ya bayyana kansa ne don a sami abin tankaɗe shi. Nauyin rubutun ya daɗa ƙaruwa a Yunin 2023, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, amma ta bar musu damar duba abin da ɗalibi ya rubuta game da yadda launin fatarsa ya shafi rayuwarsa. Abin da a da ake cikewa a cikin fom, yanzu sai an mai da shi labari.

3.0 Zubi da Tsari

Duk wanda ya karanta misalan wannan rubutu da yawa zai ga cewa zubinsu ɗaya ne. Akan buɗe da wani lokaci mai tayar da hankali, galibi a ɗakin asibiti. Daga nan sai gwagwarmaya. A ƙarshe sai darasin da aka koya, da ƙudurin zama likita. Marubucin shi ne mai ba da labari, shi ne kuma tauraro, kuma tun kafin a fara an san inda za a tsaya.

Frank (1995) ya kasa labaran masu jinya kashi uku: labarin warkewa, inda lafiya take dawowa kamar yadda take, labarin nema, inda mai ciwo yake fitowa da wani ilmi, da labarin ruɗani, wanda ba shi da kai ba shi da gindi, domin mai shi yana cikin tsakiyar abin. Bayanin kai yana karɓar na farko da na biyu, amma ba shi da masauki ga na uku. A nan ne babban aibinsa yake. A ɗauki misalin ɗalibar da mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwa. Zubin rubutun yana bukatar ta ce wannan rashi ne ya sa ta son likitanci. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma rashin bai koya mata kome ba sai kewa, son likitancin daga ajin kimiyya ta samo shi. In ta faɗi gaskiya ta biyu, rubutun ya yi sanyi. In ta bi zubi, ta yi wa mutuwar uwarta ƙarya. Haka wani ɗalibi, Elijah Megginson, ya koka a jaridar New York Times a 2021, cewa ba ya son ya sayar da raɗaɗinsa don samun gurbin jami'a.

4.0 Matsayin Mai Karatu

Marubucin tarihin kansa yana magana ne da mai karatu da ba shi da iko a kansa. Mai bayanin kai kuwa da alƙali yake magana. Wannan alƙali ba aboki ba ne, ba kuma likitan mai rubutu ba ne. Aikinsa shi ne ya rage tarin takardun da ke gabansa. Abin da ɗalibi ya rubuta da nufin nuna juriya, shi yana iya karanta shi a matsayin alamar rauni.

Wannan ya fi tsanani a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Nazarin Rotenstein da abokan aikinta (2016) ya gano cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da ciwon damuwa ko alamunsa, amma daga cikinsu kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nemi magani. Dyrbye da abokan aikinta (2017) kuma sun sami kusan kashi 40 cikin 100 na likitocin Amurka da aka tambaya suna ɗari-ɗarin neman irin wannan magani, don tsoron abin da zai sami lasisinsu. To, sana'ar da manyanta suke ɓoye ciwonsu ita ce take gayyatar yaro ya tona nasa a bakin ƙofa. Gaskiya ne dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta haramta wariya a kan haka, amma doka ba ta leƙa zuciyar mai karatu. Magana kuwa zarar bunu ce.

5.0 Kunya da Sirrin Wasu

Kirk-Greene (1974) ya lasafta kunya da amana da haƙuri da mutunci cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe. Yaron da ya tashi yana ganin uwarsa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yana kuma jin cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, zai ga wannan rubutu yana neman abin da aka hore shi ya rufe. Shirunsa tarbiyya ce, amma kwamiti yana iya ɗaukarsa rashin abin faɗa.

Sai dai kada a zaci Bahaushe ba ya ba da labarin sirrinsa. Baba ta Karo ta gaya wa Mary Smith labarin aurarrakinta huɗu da rashin haihuwarta tsakanin 1949 da 1950. Amma ta yi haka ne tana tsohuwa, a hankali, ga macen da ta saba da ita, ba kuma tana neman kome a hannunta ba. Lokaci da sabo da 'yanci, waɗannan ukun duka babu su a bayanin kai.

Akwai kuma haƙƙin wasu. Wanda ya rubuta shaye-shayen ubansa ko haukan 'yar'uwarsa ya kashe sirrin da ba nasa kaɗai ba ne. Tun da riƙe sirrin majinyaci yana cikin ginshiƙan aikin likita tun zamanin rantsuwar Hippocrates, yadda ɗalibi ya riƙe sirrin gidansu shi kansa shaida ce a kan irin likitan da zai zama.

6.0 Ma'auni

Duk da haka ba mu ce a yi shiru ba, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗalibin da makinsa ya faɗi shekara guda saboda jinyar mahaifinsa, in bai yi bayani ba, za a ɗauka lalaci ne. Haka nan Charon (2006) ta kafa hujja mai ƙarfi cewa iya sauraron labarin ciwo da fahimtarsa yana cikin gwanintar likita, kuma wanda ya ɗanɗana jinya yana iya fin wani kunnen ji.

A ganinmu, abu uku ne suke raba rubutu nagari da tallar ciwo. Na ɗaya, jigon ya kasance abin da marubucin ya aikata, ba abin da aka yi masa ba. Masifar ta ɗauki jimla biyu ko uku, aikin da ya biyo baya ya ɗauki sauran. Na biyu, ya kasance abin da zai iya maimaitawa gaba da gaba ranar ganawa da kwamiti ba tare da ya rushe ba, domin duk abin da aka rubuta ana iya tambayarsa. Na uku, in labarin ya shafi wani, a nemi yardarsa, ko a sakaya shi. Sakayawa ba ƙarya ba ce. Salo ne da Hausa ta ƙware a kansa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa bayanin kai adabi ne mai ƙayyadadden zubi, wanda yake son ciwo ya ƙare da darasi, ake kuma karanta shi a gaban mai iko. Ba daidai yake auna kowa ba: Alvero da abokan aikinsa (2021), da suka nazarci rubuce-rubucen masu neman shiga Jami'ar Kalifoniya su 60,000, sun sami cewa abin da ke cikin rubutun yana da alaƙa da arzikin gidan ɗalibi fiye da yadda makin jarrabawar SAT yake da ita. Saboda haka babban gyara yana wuyan makarantu, su fayyace cewa ba a sayen gurbi da hawaye. Mu kuma malaman insha'i, ya kamata mu koya wa ɗalibanmu yadda mutum zai faɗi gaskiya game da kansa, ya kuma san inda zai tsaya.