Rigar Jatau Ba Ta Talauce Ba

Kwanakin baya na kalli ɗaliban wata makarantar sakandare a Dutse sun gabatar da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Su da kansu suka tanadi sutura, suka zana fostoci, har suka baje su a bango domin 'yan'uwansu su gani. Wannan kam abin yabo ne.

Sai dai akwai gyara. Ƙashin bayan wasan shi ne yadda Jatau ya faɗo daga wadata zuwa tsiya bayan ya auri Kyallu. To, yaron da ya fito a Jatau babbar riga ɗaya ta shadda ya sa tun daga farko har ƙarshe, tana ƙyalli, ta sha bugu. Bakinsa na kukan talauci, rigarsa na ƙaryata shi. Da tsohuwar taguwa ta gwanjo daga kasuwar Shuwarin suka samo masa, da ta isar da saƙon.

Fostocin kuwa, yawancinsu Kyallu kaɗai suka zana, ta sha kwalliya kamar tallar fim. Ɗaliba ɗaya ce ta zana Jatau ya yi tagumi, hularsa a ƙasa. Ita ce ta karanta littafin, amma fostarta can bayan ƙofa aka manna ta.