Zuciya da ƙoda: tsokaci kan Zabura ta 139

1. Gabatarwa

A wannan ƴar maƙala za mu duba Zabura ta 139, wadda jigonta shi ne sanin da Allah ya yi wa ɗan Adam ciki da bai. An saba karanta ta a matsayin waƙar kwantar da hankali. Mu a ganinmu waƙar wanda ake tuhuma ce, mai neman alƙalin da ba ya buƙatar shaida. Hujjarmu tana cikin tsarinta da kalmominta.

2. Tsari

Waƙar tana da aya 24, kuma ana iya kasa ta gida 4, kowane da aya 6. Kashi na farko (1-6) ya ce Allah ya san zaman mawaƙin da tashinsa, har da maganar da bai furta ba. Na biyu (7-12) ya nuna babu wurin ɓuya, ko a sama, ko a lahira, ko cikin duhu. Na uku (13-18) ya koma cikin mahaifa, inda aka saƙa shi kamar tufafi. Na huɗu (19-24) ya juya kan masu zub da jini, ya ƙare da roƙo.

Aikatau na Ibrananci *haƙar*, watau bincike mai zurfi, ya fito a aya ta 1 da ta 23. Da fari labari ne na abin da ya riga ya auku. A ƙarshe ya zama roƙo. Tambaya ita ce: wanda aka riga aka bincika, don me zai nemi a sake? Amsar tana cikin aya 19 zuwa 22. Akwai magabta, mawaƙin yana barranta da su, yana neman a tabbatar da gaskiyarsa. Littafin addu'o'in sa'o'i na Cocin Katolika, wanda aka sabunta a 1971, ya cire waɗannan ayoyi huɗu saboda zafinsu. In an cire su, roƙon ƙarshe ya rasa dalili, waƙar kuma ta rasa ƙashin bayanta.

Kalmomin farko ma ba masu sanyi ba ne. Aikatau na aya ta 5 shi ake amfani da shi wajen kewaye birni da yaƙi, aya ta 7 kuma maganar gudu take yi. Ke nan sanin Allah ya fara zo wa mawaƙin a matsayin matsi, kafin ya zame masa mafaka.

3. Matsalar fassara

A Ibrananci *leb* (zuciya) mazaunin tunani ne da niyya, ƙoda kuma (*kilayot*, aya ta 13) mazaunin ɓoyayyen sirri. Irmiya 17:10 ya haɗa su biyun a matsayin abin da Allah yake gwadawa. Fassarar Faransanci ta Louis Segond (1910) ta riƙe *reins* a aya ta 13.

Ga Bahaushe ƙoda tsoka ce a teburin mahauci, ba ta ɗauke da sirri. Zuciya kuwa ta fi *cœur* na Faransanci kusa da *leb*, tun da da ita ake saƙa magana, ko da yake « ya yi zuciya » fushi yake nufi. Kalmar da ta fi dacewa da aikin ƙoda ita ce « ciki »: farin ciki, baƙin ciki, zurfin ciki. Ga kuma ƙarin riba: aya ta 13 tana maganar cikin uwa, saboda haka kalma ɗaya za ta haɗa cikin mutum da cikin da ya fito.

4. Kammalawa

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan sani ne na mutum, mai dogara ga alama, kuma 1 Sama'ila 16:7 ta bambanta shi da na Allah, wanda yake duban zuciya kai tsaye. Mawaƙin Zabura ta 139 ya yarda a bi da shi ta wannan hanya ta biyu, har ya buɗe ƙofar cewa a iya iske laifi a gare shi. Mai fassara da mai nazari su bar masa magabtansa, domin su ne suka sa roƙon ya yi nauyi.