Kewar muryar dare: abin da American Graffiti ya faɗa da wanda ya ɓoye

Kwanakin baya na sake kallon American Graffiti, fim ɗin da George Lucas ya fitar a 1973. Labarin dare ɗaya ne a 1962, a wani gari na jihar Kalifoniya: samari da 'yan mata na zaga gari cikin motoci, kowace mota rediyonta a kunne, duk kuma muryar Wolfman Jack suke saurare.

Inda ya fi kama ni shi ne lokacin da wani saurayi ya je gidan rediyon cikin dare, ya tarar da mutum ɗaya tal gaban makirfo, mutumin ya ce ba shi ne Wolfman ba. Sai da saurayin zai fita ya hango shi yana sakin muryar nan. Duk wanda ya yi aikin dare irina ya san haka abin yake: gari na ɗaukarka wani gagarumi, kai kuwa kana ƙaramin ɗaki kai kaɗai da shayin da ya huce. A nan Lucas bai yi ƙarya ba.

Sai dai kewa takan tsince abin da take so. Abu biyu fim ɗin ya ratsa ta gefensu.

Na farko, launin fata. Kiɗan rock and roll daga baƙaƙen fatar Amurka ya samo tushe, amma manyan taurarin fim ɗin duk farare ne. Sau ɗaya wata yarinya ta ce an hana ta sauraren Wolfman a gida saboda an ɗauka baƙi ne, alhali Bature ne, aka wuce wurin. Nan kuwa labarin yake. Tun 1948 Nat D. Williams ya soma shiri a tashar WDIA ta birnin Memfis, inda B.B. King ma ya yi aikin sa faifai. A 1954, da Dewey Phillips ya fara sa faifan Elvis Presley a WHBQ, ya tambaye shi makarantar da ya yi, don masu saurare su gane fari ne. A 1957 aka soke shirin talabijin na Alan Freed bayan an nuna mawaƙi baƙar fata, Frankie Lymon, yana rawa da farar yarinya.

Na biyu, kuɗi. Freed, wanda ya soma tashe a Cleveland a 1951, shi ya fi kowa yaɗa sunan wannan kiɗa. Amma an sa sunansa cikin marubutan waƙar "Maybellene" ta Chuck Berry a 1955, don ya riƙa cin riba in ya sa ta. Da abin kunyar da suka kira payola ya fashe a 1959, wato karɓar na goro daga kamfanonin faifai, ya rasa aikinsa. A 1962 ya amsa laifi a kotu, ya rasu a 1965 yana da shekara 43, ba ko sisi. Dick Clark, wanda shi ma yake da hannun jari a kamfanonin waƙa, ya sayar da su, ya bayyana gaban kwamitin majalisa a 1960, ya fita lafiya. A shekarar da Lucas ya zaɓa don labarinsa, a ita aka gurfanar da Freed.

To, me ake kewa ke nan? A ganina 'yancin zaɓi ne. Mutumin nan shi yake jin faifai da kunnensa, ya ce wannan zan sa. Bayan payola, yawancin tashoshi suka ƙwace wannan iko, suka miƙa wa mai gabatarwa jerin waƙoƙin da ofis ya tsara. Amma wannan 'yancin shi ne ƙofar da kuɗin ya shigo ta cikinta.

Ban faɗi haka don na fi su tsarki ba. An taɓa miƙo mini faifai da ambulan a ƙarƙashinsa, aka ce kuɗin mai ne. Na karɓa, na sa waƙar sau uku a mako guda, alhali na san ba ta kai ba. Masu saurarena ba su sani ba, ni na sani.

Ku kalli fim ɗin, yana da daɗi, kuma ya iya nuna yadda murya ɗaya ke haɗa gari. Amma in kun gama, ku nemi labarin Freed da na WDIA. Mu kuma abokan aiki, kafin mu ce rediyon da ya fi na yau, mu fara duba aljihunmu.