Jinjina ga Makanikan Hanyar Dambatta

Da sassafe motar tana tashi da kik ɗaya. Amma bari ta kwaso buhunan gero daga kasuwar Dambatta cikin zafin watan Afrilu, direba ya kashe ta a Bichi don sallar Azahar: sai ta ƙi tashi ƙememe. Nan ake gane bakanike na gaske.

Aikin da wuya, domin motocinmu duk an taɓa su. An cire tamostat, an haɗa fanka kai tsaye da batir, wata ma an ɗora mata injin mai turbo da aka sayo a Ƙofar Ruwa. Littafin kamfani bai san wannan motar ba. Oga bakanike kuwa ya santa. Zai ɗora bayan hannu kan kwayil ya ji zafinsa, ya zare fulogi ya duba wuta, ya kasa kunne ga famfon mai. In fetur ne ya zama tururi cikin bututu, sai ya jiƙa tsumma ya naɗe shi, daga baya ya janye bututun nesa da turbo, wanda ke ci gaba da gasa komai bayan an kashe inji.

Abin da ya fi burge ni, ba ya gaggawar cewa a sayo sabon kaya, ya san kuɗin manomi ne. Allah ya ƙara wa hannuwan nan albarka.