Idan Zane Ya Fito Titi: Nazarin Baje Kolin Unguwanni a Birnin Akara

A shekarar 2011 ƙungiyar Accra[dot]Alt, wadda Mantse Aryeequaye da Sionne Neely ke jagoranta a lokacin, ta tare babban titin Jamestown, tsohuwar unguwar masunta da ke bakin teku a Akara, babban birnin Gana, ta mai da shi zauren nuni. Masu zane suka hau bango da fentin feshi, makaɗa suka kafa lasifika, 'yan rawa da masu wasa da keke suka cika tsakiyar kwalta. Ba tikiti, ba mai gadi, domin ƙofar ma babu ita. Bikin Chale Wote ke nan. Ya fara da yini guda, a hankali ya kai mako, ya zauna a watan Agusta, har ta kai ana hawo jirgi daga Amurka da Turai dominsa. Duk mai nazarin baje kolin zane a unguwannin Akara dole ya fara da shi, amma in ya tsaya a kansa ya yi rabin aiki.

Dalilin fitowa titi a fili yake. Zaurukan nunin zane a birnin ba su da yawa, kuma waɗanda ke akwai an san masu shigarsu. Gallery 1957, wanda aka buɗe a 2016 kuma ya yi suna wajen fitar da masu zanen Gana kasuwar duniya, a cikin otal ɗin Kempinski yake. Ba wanda ya rubuta a ƙofa cewa mai tallar kifi kada ta shiga, amma ita ma ta san ba a gina wurin da ita a zuciya ba. A jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ma, malamai da ɗaliban sashen zane da suka haɗu a ƙarƙashin sunan blaxTARLINES sun daɗe suna wannan ƙorafi, kuma daga 2015 suka riƙa shirya manyan nune-nune a gidan tarihin kimiyya da fasaha na Akara, kowa ya shiga kyauta.

Sai dai akwai wata magana da ake yawan yi wadda ban yarda da ita ba, wato wai waɗannan bukukuwa sun "kai wa talaka zane". Zane yana nan a unguwannin kafin a zo. A Teshie, tun shekarun 1950, kafinta Seth Kane Kwei yake sassaƙa akwatin gawa mai siffar sana'ar mamaci: kifi ga masunci, ƙwallon koko ga manomi, mota ga direba. Ranar jana'iza a ɗauko akwatin a kafaɗa a zaga gari da shi, kowa ya gani ya yaba ko ya kushe, sannan a binne. Sai a 1989 Turawa suka baje irin waɗannan akwatuna a wani babban nuni a Faris, amma mutanen Teshie sun riga su gani da shekaru talatin. Haka kwale-kwalen masuntan Jamestown, kowane da launinsa da tutarsa da rubutun da mai shi ya zaɓa. Haka fastocin finafinai da aka riƙa zanawa da hannu a kan buhun fulawa a shekarun 1980 da 1990, lokacin da gidajen kallon bidiyo ke tashe. Abin da bikin zamani ya kawo sabo shi ne 'yan kallo daga waje, da kyamara, da sunan mai zane a ƙasan aikinsa.

Kuma 'yan kallon nan su ne inda gizo ke saƙar. Jamestown wuri ne mai ɗaukar ido. Ga ganuwar James Fort da Turawan Ingila suka gina a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa 1951, wadda ba ta daina zama gidan yari ba sai 2008. Ga Ussher Fort ta mutanen Holan, ga doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari, ga gidan Brazil na zuriyar bayin da suka komo daga Barazil a ƙarni na 19. A bayan waɗannan kuma akwai gidajen da iyalai da yawa ke cunkushe a ciki, da ƙarancin ruwa da bayan gida, da matasan da suka rasa aiki tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 harkar sauke kaya ta bar unguwar. Ba banza ba Bukom, maƙwabciyarta, ta zama matattarar 'yan damben zamani irin su Azumah Nelson da Ike Quartey.

To, ka tsaya a titin ranar Asabar ɗin biki, a shekarun da ake yin sa a Jamestown. Wata budurwa daga unguwar masu hali ta sha kwalliya, ta jingina da bangon da aka gama fentawa jiya, ƙawarta na ɗaukarta hoto da waya. Taku uku daga nan wata dattijuwa ce zaune a bakin ƙofar gidansu da kwandon dokunu da soyayyen kifi da barkono, tana ciniki irin wanda ba ta yi a sauran makonnin shekara. Yaran gidan sun shafe jikinsu da fenti suna bin baƙi a ɗauke su hoto a ba su ɗan canji. Kowa ya samu wani abu, ba shakka. Amma in ka duba da kyau, ɗaya ta zo kallo, ɗaya tana sayar wa masu kallo abinci, yaran kuwa sun zama abin kallon. Da wuya ka ga ɗan unguwa a mazaunin wanda ya yanke shawarar abin da za a zana a bangon gidansu. A 2019, shekarar da gwamnatin Gana ta yi wa baƙaƙen fatar ƙasashen waje gayyar komowa gida, cunkoson ya kai ga mutum ba ya iya tsayawa gaban zane ya ƙare masa kallo. Tura ce ke tafiya da shi.

Ba ina cewa bikin bai yi wa Jamestown komai ba. Ya sa sunanta a bakin duniya, ya samar wa samari aikin zagayawa da baƙi, kuma masu shirya shi sun yi hikimar ajiye shi kusa da Homowo, bikin gargajiyar ƙabilar Ga na murnar korar yunwa, suna kuma buɗewa da jerin gwanon sarakuna da masu tsafin gargajiya. Amma a 2023 aka ɗauke bikin aka kai shi Osu, wajen dandalin Black Star da tsohuwar fadar Christiansborg. Ƙuncin titin Jamestown kaɗai ya isa hujja, kuma Osu ma garin Ga ne. Duk da haka ƙaurar ta tona wani abu: biki ne da za a iya naɗewa kamar tabarma a shimfiɗa a wani wuri, ya ci gaba da sunansa da 'yan kallonsa. Bangon da aka fenta a Jamestown kuwa, iskar teku mai gishiri ba ta barin fenti ya daɗe.

A nan ne aikin Serge Attukwei Clottey ya sha bamban. Shi ɗan La ne, wata unguwar Ga da ke gabashin birnin, kuma a nan yake aikinsa. Kayan aikinsa jarkoki ne masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake shigo da man girki a ciki, in man ya ƙare a mai da su na ɗiban ruwa. Mutanen Akara suna kiran su galan ɗin Kufuor, saboda ƙarancin ruwan da aka sha a zamanin shugaba John Kufuor, wanda ya yi mulki daga 2001 zuwa 2009. Clottey da samarin unguwar da ke aiki tare da shi sukan tattara tsofaffin jarkokin, su yanyanka su ƙanana-ƙanana masu kusurwa huɗu, su huda gefunan, su ɗinke su da wayar jan ƙarfe. Kowane ɓallin da irin launinsa, wani rana ta koɗar da shi, wani da sauran tambarin kamfani, wani da alamar da mai jarkar ta sa don kada tata ta ɓace a layin famfo. Da suka haɗa faffaɗan saƙi sai suka shimfiɗa shi a kan titunan ƙasa na La, mutane suna takawa su tafi kasuwa, awaki suna bi ta kai.

Matar da ta taka wannan shimfiɗa ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta san nauyin jarkar in an cika ta, ta san asubar da ta yi a layi. Kayan daga gidanta suka fito, hannuwan da suka ɗinka na 'ya'yan maƙwabta ne, batun kuma nata ne. Irin wannan saƙin ana rataye shi a manyan zauruka a Turai da Amurka ana saye da tsada, kuma yana da kyau a can ma, sai dai a can ado ne mai ɗauke da labari, a La kuwa magana ce da aka faɗa wa waɗanda abin ya shafa a gaban idonsu.

Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, ya bi hanya mai kama da wannan da buhunan algarara. Ana shigo da su daga Asiya don zuba koko, daga nan su koma na masara, su ƙare a hannun masu gawayi. Yakan karɓi tsofaffin a hannun 'yan kasuwa ya ba su sababbi, a ɗinke su da basilla su zama ƙaton mayafi, a lulluɓe gini da shi. Ya yi haka a Venis ta Italiya a 2015, ya yi wa babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Akara a 2016. Da yawa daga masu ɗinkin 'yan ci-rani ne daga arewacin Gana, ciki har da mata 'yan dako na kasuwa. Tambayar da ba ta kaucuwa ita ce, suna na wa, guminsa na wa? Amsar da Mahama ya bayar da aiki ya ba da ita: ya kwashi kuɗin da zane ya kawo masa ya gina cibiyar zane ta Savannah a Tamale a 2019, sannan Red Clay, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama ya mai da su azuzuwan yara. Wannan bai rufe maganar ladan masu ɗinki ba, amma gini ne da yake tsaye duk shekara a garin da bai taɓa samun irinsa ba.

Nima, zangon da Hausa ce harshen kasuwa da na lungu, tata hanyar daban ce, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta a rubuce-rubuce ba. A nan Mohammed Awudu, wanda aka fi sani da Moh Awudu, ya tashi, ya zama ɗaya daga fitattun masu zanen bango a ƙasar. A nan kuma ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art take koya wa yara zane tana fenta bangayen unguwa, don a san Nima da wani abu ban da labarin ƙazanta da 'yan daba da jaridu suka saba liƙa mata. Mai zane a irin wannan wuri ba shi da damar da baƙo ke da ita ta ya fesa fenti ya hau mota. Bangon na wani ne, sai ya yi sallama ya nemi izinin mai gida. Unguwar Musulmi ce, zanen fuskar mutum a jikin gida magana ce da wani zai karɓa wani ya ɗaure fuska, kuma gobe da asuba a sahu ɗaya za su tsaya da mai zanen. Wannan takura tana rage masa 'yanci, ba musu, amma ita ce ke sa a zauna a yi shawara kafin a buɗe gwangwanin fenti, abin da babban biki mai dubban baƙi ba shi da lokacin yi.

Matsalar masu zanen Nima ta kuɗi ce. Fentin feshi daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin dala, kuma ba wanda ke sayen bango. Mai zane yakan ci abinci ne da allon shago da hoton biki da kwangilar kamfanonin waya da na lemo, waɗanda in sun ba da fenti sai sun ga tambarinsu a kusurwa. Sannan duk shekara huɗu zaɓe na zuwa a watan Disamba, masu liƙa fastocin 'yan takara kuma ba sa tambayar wanda ya zana bangon kafin su shafa masa gam.