Zambo Cikin Zane: Bayahude da Cacar Hannun Jari a Tsofaffin Hotunan Ingila

Ba da baki kaɗai ake zambo ba. A ƙarni na 18 masu zane na Landan sun riƙa buga hotunan habaici a takarda suna sayarwa, kuma cinikin hannun jari na cikin abubuwan da suka fi ta'allaƙa a kai.

A 1720 hannun jarin Kamfanin South Sea ya tashi daga fam ɗari da 'yan kai zuwa kusan fam 1,000, sa'an nan ya rushe kafin shekara ta fita. A hoton da William Hogarth ya zana game da wannan annoba a 1721, an ga Bayahude a gefe yana caca tare da limamin Katolika da na Furotesta, ga kuma sauran jama'a suna turereniyar hawa lilon sa'a. Watau kwaɗayin na kowa ne, zambon ma ya game kowa.

Wannan adalci bai daɗe ba. Da Majalisa ta yi dokar ba Yahudawa damar zama 'yan ƙasa a 1753, sai hotuna suka yi caa a kan attajiri Samson Gideon, har aka soke dokar cikin 'yan watanni. Daga baya Nathan Rothschild ya gaji wannan matsayi. Zanen ya ƙara kyau, amma hujjarsa ta raunana, domin tun 1697 Yahudawa 12 kacal aka yarje wa dillanci a kasuwar Landan. An ɗauki laifin taro an rataya wa baƙo, don kawai fuskarsa ta fi sauƙin ganewa.

A nan ne ya bambanta da wasan barkwanci irin na Katsinawa da Gobirawa, inda wanda aka taɓa yake ramawa nan take. Wanda aka zana ba shi da bakin ramuwa.

Malamin da ke koyar da zambo a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ba sai ya je nesa neman misali ba. MMM ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, kuma galibi ɗan'uwa ne ko abokin aiki ya ja mutum ciki, ba baƙo ba. Sai ya tambayi ɗalibai me Bahaushe ke nufi in ya kira marowaci "Bayahude", alhali da yawansu ba su taɓa ciniki da ko ɗaya ba.