Jinjina Ga Jaruman Da Ba A Ganin Fuskarsu

Yaran da suka taso da kallon Power Rangers, daga Kura zuwa Bunkure, sun haddace jan jarumi da shuɗi da rawaya. Kaɗan ne suka san cewa asalin wasan na Japan ne, Super Sentai na kamfanin Toei, wanda ya fara da Gorenger a 1975. A 1993 Amurkawa suka yanko wuraren faɗan Zyuranger, ɗaya daga cikin jerin Super Sentai, suka haɗa da nasu 'yan wasan.

Ni waɗanda nake sara wa su ne mutanen da ke cikin kayan. Da kyakkyawan saurayin da ke fitowa a matsayin jarumi ya rikiɗa, aikinsa ya koma sa murya. Wani ne daban zai sa matsattsiyar riga da kwalkwali, ya yi tsalle, ya yi alkafura, wuta na tashi a bayansa. Da ƙyar yake gani ta baƙin gilashi, numfashinsa na turara shi. Manomin da ya taɓa dashen shinkafa a Kadawa da tsakar rana ya san irin wannan gumi.

Tunda babu fuska, fushi da baƙin ciki duk da kafaɗa da karkata kai ake nuna su. Kazuo Niibori ya shafe shekaru yana sa jan kaya, taurari na sauyawa, shi yana nan. Su ma masu ɗinka dodanni da gina ƙananan gidajen da ake rushewa, kusan kowane mako sai sun kawo sabo. Allah ya saka musu, sun sha wuya don yaranmu su yi ihu.